Tayoyi Masu Sallama

Markar bana ta yi kwana da kwanaki ba ta ɗaga ba. Ina zaune a falo a nan Garki, na jawo mayafi na rufe ƙafafuna, sai kawai na ga ɗiyata Hadiza tsaye a kaina tana karkaɗe lema. Na zabura. Na ce, "Ke wace irin shigowa ce wannan? Yaushe kika iso?" Ta ce ai tun ɗazu ta ajiye mota a gindin taga, nan kusa da kunnena. Ni dai ban ji komai ba. Motocin yanzu haka suke, su zo su tsaya maka a ƙofa kamar kyanwa. Ta yi dariya ta wuce kicin, ni kuwa na zauna ina jin ruwa a kan rufi, hankalina ya tafi wata damina da ita ba za ta iya tunawa ba, domin a lokacin goye take a bayana.

Shekarun da ake ta kwaso ma'aikatun gwamnati daga Legas zuwa sabon babban birni ne. Yau a ce wannan ofis ya tashi, gobe a ce wancan. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda aka fara turowa. An yi mana alkawarin gida a Garki, amma da muka iso sai muka tarar ko rufi ba a ɗora masa ba, waɗanda aka gama kuwa manya sun riga sun shige. Wani masinjan ofishinsu ne ya ce yana da kawu a wani ɗan ƙauye bayan Orozo, mai ɗakuna biyu na kwano da ba kowa a ciki. Haka muka je muka sauka a gidan Baba Tanko, manomin doya, mutumin Gbagyi, dattijo gajere mai faɗin ƙirji wanda ba ya son dogon zance. Matarsa Laraba ce ke yin maganar gidan duka, tata da tasa.

Ni a Zariya na taso, na yi aure na zauna a Legas, ban taɓa zama inda shiru ya yi yawa haka ba. Da rana kina iya jin akuya tana tauna a bayan ɗaki. A cikin wannan shirun ne motar Malam ta yi suna.

Ya taɓa zuwa kwas wata ƙasa mai sanyi, can inda ruwa ke daskarewa a kan hanya, ya sayi wata tsohuwar mota ya turo ta ta jirgin ruwa. Tayoyinta huɗu duk an dasa musu ƙananan ƙusoshi, kawunansu a waje, jere-jere kamar ƙwayar masara. Mai faci na farko da ya gan su a Legas riƙe baki ya yi, ya ce lallai Malam yana da maƙiyi mai haƙuri, wanda ya zauna ya kafa waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Ban da shi ba wanda ya damu da su a can, hayaniyar garin ta cinye ƙararsu. Amma a nan, idan motar ta hau kwalta, sai ki ji kamar ana suyar gyaɗa da yashi a babban kasko, ƙarrr, ba yankewa. Idan kuma ta sauka daga kwalta ta nufo ƙauyenmu, hanyar kan bi ta kan wani falalen dutse mai faɗi kafin ta gangara rafi. A kan dutsen nan ne ƙarar ke cika kwarin gaba ɗaya, har kaji su ɗaga kai.

Laraba ce ta raɗa wa abin suna. Da ta jiyo sai ta leƙo ta ce, "Madam, oga ya yi sallama. Sa ruwan tuwo."

Rafin nan shi ne abin tsorona. Ba gada. Da rani ruwansa ko idon sawu bai kai ba, amma da ruwa ya sauka sai ya koma wani abu dabam. Tsallaken can dutse ne, tsallakenmu kuwa tudu ne na jar laka mai tsayi, wanda da ya jiƙe sai ya yi santsi kamar an zuba masa miyar kuɓewa. Da safe ba wuya, mota ta gangara laka ta tsallake ta hau dutse. Dawowar ce abin ji. Sai ta fito daga ruwa ta kama hawan lakar nan, idan ta zame baya, rafi ne ke jiranta. Ba ni da kowa a ƙasar nan sai Malam. Duk yamma, daga lokacin da na ji ƙarar a kan dutse har zuwa lokacin da zan ga hancin motar a ƙofar gida, ba na iya zama wuri ɗaya.

Wata rana na tambaye shi yadda yake hawowa. Ya yi murmushi ya ce Allah ke kiyayewa. Malam mutum ne da sai ka ciro magana daga bakinsa da ƙugiya, don haka na ƙarasa wa kaina sauran. Na tsuguna na shafa ƙusoshin nan da yatsa, na ce ai ga dalili. Abin da aka yi domin ya riƙe ƙanƙara, laka me za ta yi masa? Tun daga ranar na sami natsuwa. Har alfahari nake wa mata a bakin rijiya, ina cewa tayoyinmu na Turawa ne, farce gare su, kama ƙasa suke yi. Su dai su dubi juna su ce, "Haka ne, Madam."

Ruwa ya fara da iska da tsawa, irin wanda ke zuwa da gudu ya wuce. Ƙasa ta yi ƙamshi, aka fita gona. Sannan a hankali ya zauna, har marka ta kama, sama ta rufe ruf, a wuni ba a ga rana ba. Nakan tashi da asuba in yi ta fama da jiƙaƙƙen itace, ina hura wuta hayaƙi na cika mini ido, kafin in samu in dama wa Malam kunu. Ya sha a tsaye, ya fita. In share ɗaki, in kwashe kwanukan da na tara a ƙarƙashin inda rufi ke yoyo, in yi wanki. Wankin nan ba ya bushewa. Tsummokaran Hadiza a kan igiya cikin ɗaki nake shanya su kusa da murhu, duk jikin yarinya warin hayaƙi. Takalmin Malam na ofis ya yi fumfuna, gishiri ya narke a gwangwani, ashana sai na sa ta cikin rigata ta ji ɗumi kafin ta kama.

Idan ruwan ya ɗan lafa, Laraba ta ja ni gona don kada kaɗaici ya kashe ni. Can na ga aiki. Maza a jere cikin kunyoyin doya suna noma, yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, bayansu yana tururi. Mata suna kafa sanduna suna naɗa wa doya hannu ta hau. Matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, a bayan wuya. Na ce ni ma sai na gwada. Na ɗora ɗaurin itace, na yi taku kaɗan, ni da itacen muka zube a kwari. Sun yi mini dariya har Laraba ta zauna a ƙasa tana share hawaye, ni ma ban ji haushi ba, don na daɗe ban ga haƙoransu a waje ba.

Lokacin yunwa ne. Tsohuwar doya ta ƙare, sabuwa ba ta yi ba. Rumbun dawa an share shi har ƙasa. Gona ta yi kore shar, ko'ina ka duba abinci ne ke tafe, amma ba wanda ya iso. Tukunyar Laraba sau ɗaya take hawa wuta, da yamma. Da rana yara su karyo masarar da ba ta gama ƙosawa ba su gasa, ka ciza ruwa ya fito. Rama da tafasa aka yi ta dafawa, a kwaɗa da ɗan gishiri, wata rana ko ƙuli babu. Na ga wuyan Baba Tanko ya ƙara tsawo, rigarsa ta yi masa yawa, amma bai fasa fita da fartanya ba.

Mu kuma ba mu da gona, a ƙauyen kuwa ko kana da abin saye ba mai sayarwa. Cikinmu a bayan motar nan yake. Abin da Malam ya samo a kasuwar Garki shi ne abincinmu: ɗan garin kwaki, manja, kananzir, wata rana shinkafa, wata rana burodin da ya sha hanya ya lotse. Idan ya sauke, in ɗebi wani abu in rufe a kwano in kai wa Laraba. Ba ta taɓa dawo mini da kwanon haka nan ba, ko da gasasshiyar masara ɗaya ce sai ta sa. Jim kaɗan bayan shigowar Malam, sai Baba ya shigo, laka har ƙirji, ya tsaya bakin randa ya wanke jiki. Nakan ce a raina, wannan tsoho da son gona yake, kullum shi ne ƙarshen tashi.

Ranar da abin ya faru, ruwa ya wuni yana zuba ba sassauci. La'asar ta yi, na kasa kunne. Na sa ruwan tuwo, ya tafasa, na sauke. Na sake kasa kunne. Ba komai sai ruwa a kan kwano da kukan kwaɗi. Haske ya fara raguwa, lokacin da ya saba isowa ya wuce, ya kuma wucewa. Na miƙa Hadiza ga babbar 'yar Laraba, na yafa buhu a ka na fita.

A bakin ƙauye akwai wata rumfa. Na tarar da Baba Tanko da wasu maza a zaune a ciki, sun takure saboda sanyi, ba mai magana.

Baba ya ce, "Madam, ina za ki cikin ruwa?"

Na ce, "Malam bai dawo ba, Baba."

Ya ce, "Bai kai dutse ba tukuna. In ya kai, mu ne farko za mu ji. Koma gida."

Ban koma ba. Ban san abin da ya hana ni ba, ƙafata ce dai ta ƙi juyawa. Na bi hanyar rafi ina zamewa ina tashi, sai na ji Laraba a bayana tana faɗa, wai ni ba na jin magana. Muna isa kan tudun na leƙa ƙasa.

Motar tana can gindin hawan, hancinta a laka, bayanta a cikin rafi. Ruwan ya yi ja, yana tafe da karare da rassan itace, ya kusa rufe tayoyin baya. Malam yana cikin ruwa har gwiwa da kayansa na ofis, yana ta ciccibo duwatsu yana cusawa a bayan taya don kada ta ƙara zamewa. Shi kaɗai. Duk dutsen da ya sa, ruwa ya ture.

Laraba ce ta ɗora hannu a baki ta yi wani irin kira da harshensu, mai tsawo, har ya amsa a kan dutse. Ba a daɗe ba sai ga su a guje, Baba a gaba.

Abin da na gani daga nan shi ne ya tsaya mini har yau. Ba wanda ya tambayi wani abin da za a yi. Baba ya nufi wani kurmi a gefen hanya ya jawo katakai biyu da ganyen giginya, waɗanda da gani an daɗe ana amfani da su. Wani ya miƙa hannu cikin reshen bishiya ya ciro igiya a naɗe. Kowa ya tafi wurinsa kai tsaye, wannan ƙofar hagu, wancan ta dama, Baba da wasu biyu suka shiga ruwa suka sa kafaɗa a baya. Malam ya shiga ya tayar. Tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna watso musu laka har ƙirji, irin lakar da nake gani kullum a bakin randa. Suna nishi, suna tura, ana jan katako ana mayarwa gaba, har motar ta hau tudu ta tsaya a gabana.

Baba bai dubi Malam ba. Ya tsaya yana haki, sannan ya tsuguna ya share lakar taya da tafin hannu ya shafa. Ba ƙusa ko ɗaya, sai ƙananan ramuka.

Ya ce, "Oga, ina haƙoran shi?"

Malam ya ce ogansu ne a ofis ya kira shi da safe, ya ce tayoyinsa suna zane sabuwar kwalta, ga shugabannin ƙasa sun kusa tarewa, ba a son a ga tabo a hanya. Ko ya cire su yau, ko ya daina shigowa da motar. Da azahar mai faci ya zauna da filaya ya zare su tas.

Baba ya jinjina kai. Ya ce, "To hon fa? Shi ma an cire?"

Malam ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baba, yaya zan zauna cikin mota in danna maka hon kamar wani maigadina?"

Baba ya dube shi. Sannan ya ce, "Da ruwa ya tafi da kai, wa za ka ji kunyan shi?" Ya tattara katakansa ya mayar cikin kurmi, ya kama hanyar gida.

Bayan magariba, Malam yana zaune kusa da murhu yana rawar sanyi, na tsare shi. Raina a ɓace yake, ban ma san da wa nake fushi ba. Na ce, "Ashe ba ƙusoshin nan ke hawo da kai ba?"

Ya ce, "Na ƙanƙara ne, ba su san laka ba. A jiƙaƙƙiyar kwalta ma sai na bi a hankali, sun fi taya ta gari zamewa."

"Tun yaushe suke tura ka?"

"Tun ruwan farko. Ranar na kafe, suka ji ƙarar a kan dutse, suka ji kuma ban iso ba, sai ga su. Ban taɓa roƙonsu ba, su ma ba su taɓa ce mini komai a kai ba."

"Ni kuma ka bar ni ina ta yi wa mata burga da taya."

Ya ce, "Na ga kina samun barci ne."

Na ji kunya, na ji tausayi, na kuma ji wani sabon tsoro da ya fi na da. Mutanen da ke cin abinci sau ɗaya a wuni ne ke ɗaga mini miji daga rafi kowace yamma, abin da ke kiransu kuwa an zare shi da filaya. Marka ba ta ƙare ba, sabuwar taya ba a maganarta. Na roƙi Malam ya riƙa danna hon ko sau ɗaya ne, ya ce hannunsa ba zai iya ba. Na je wa Laraba da maganar, ta ce ita ma ta gwada nata tsohon, ya ce shi ba yaron mota ba ne da zai je ya tsaya bakin hanya yana jiran oga. Na ce mun shiga uku da waɗannan maza biyu, kowa da irin taurin kansa.

Washegari da la'asar na leƙa rumfa, ba kowa. Na gangara rafi. A gefen tudun, kusa da hanya, akwai wani ɗan yanki na gonar Baba da ya yi wa kunyoyi kaɗan da ragowar iri ya watsar, don wurin yashi ne, ba ya ba da komai. Can na tarar da shi a duƙe yana noma. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya ce ciyawa ce ta cinye wurin, ya zo ya duba. Ɗan nesa kaɗan wani yana yankar wa akuya ciyawa, wani kuma yana gyaran abin kamun kifi a rafin da ban taɓa ganin an kama ko tarwaɗa ɗaya ba.

Motar ta gangaro dutse shiru, ta tsallake ruwa, ta kafe a inda ta saba. Malam ya leƙo ta taga ya ce, "Barka da aiki, Baba." Baba ya miƙe yana dafe da ƙugu ya ce, "A'a, oga, an dawo?" kamar wanda aka yi kaciɓis da shi a kasuwa. Ya ajiye fartanya ya nufi kurmi.

Haka aka yi har ruwa ya janye. Kowace yamma Baba yana wannan ɗan yanki. Ciyawa ta ƙare, bai fasa zuwa ba. Ya yi ta tayar da kunya, ya ɗebo taki ya zuba, ya gyara sanduna, ya sake gyarawa. Laraba ta ce ƙasa kawai yake wa susa. Ni kuwa na ce kunya biyu yake nomawa a wurin, ta doya da ta Malam. Ba wanda ya kira wani, ba wanda aka kira, mota kuma ba ta taɓa kwana a rafi ba. Sabuwar doya ta fito, hayaƙi ya fara tashi a gidaje da rana, wuyan Baba ya koma yadda yake.

Bara an bi da ni ta wajen. An yi gada, dutsen an fasa shi an kwashe, inda gonakin suke duk katanga ce da ƙofofin ƙarfe. Na nemi tudun lakar nan ban gane inda yake ba, na tambayi wani mai shago labarin gidan Baba Tanko ya ce shi baƙo ne.

Da kaka ta yi a waccan shekarar aka ce gidanmu na Garki ya kammala. Ranar tashi muna ta ɗaure kaya, Laraba tana kuka tana faɗa wai na bar mata tsintsiya mara kyau, sai ga Baba ya shigo da doya ɗaya a kafaɗa, ƙatuwa, tsawonta ya kusa kai Hadiza. Ya sauke ta a bayan mota da kansa, ya gyara mata zama tsakanin katifa da tukwane.

Ya ce, "Wannan na bakin rafi ne. Tun ina yaro wurin nan bai taɓa ba ni doya ba sai bana."

Malam ya fara godiya. Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da shi, ya ɗan taɓa tayar baya da ƙafa.

Ya ce, "Ba ni ba ne. Motar ka ne ya noma shi."

Malam ya durƙusa a gaban tsohon, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba.